Idon Raga

Duk wanda zai sayi ragar kamun kifi a kasuwar Yauri, kafin ya tambayi tsawonta ko kuɗinta, sai ya zura yatsu cikin idonta. Biyu ne ke shiga, ko uku, ko huɗu? Daga nan ya riga ya san irin kifin da zai kai gida. Mai faɗin ido ta giwan ruwa ce da manyan falia, ƙanana kuwa su bi ta cikinta su wuce abinsu. Mai matsattsen ido ba ta barin komai: ciyawa, tarkace, har da 'ya'yan kifin da ya kamata a bari su girma. Shi ya sa dokokin kamun kifi na jihohin Kebbi da Neja suka hana ƙananan idanu a tafkin Kainji, kuma a shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus ya sha fama da masu jan babban taru a bakin gaɓa, waɗanda ke kwashe babba da yaro a ja ɗaya.

Masuntan wannan ruwa, Sarkawa ne ko Gungawa ko 'yan ci-rani, sun san abu uku game da raga ba tare da an zaunar da su a aji ba. Na ɗaya, abin da ya dace da idonta shi take kawowa, sauran kuwa yana can cikin ruwa. Na biyu, in ka ɗago ta wayam, wannan bai nuna kifi ya ƙare ba; mai yiwuwa ba inda ya kamata ka shimfiɗa ba. Na uku, ragar da aka bari ba a duba ba, abin da ta kama a jikinta yake ruɓewa. Waɗannan ukun nake so ɗan kasuwar Yauri da na Wara da na Shanga ya riƙe, yanzu da sunansa ya fara yawo a waya, yana kuma neman hanyar jin abin da ake faɗa a kansa ba tare da ya biya ko sisi ba.

Ciniki da nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Yauri. Ɗaya daga cikin hanyoyin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ta nan ta bi, kuma a zamanin nan babban titin da ya taso daga Legas ya ratsa Jebba da Kontagora, ta Yelwa yake wucewa zuwa Koko da Jega da Sakkwato. Bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutane sama da 40,000, amma tafkin da ya samu, mai tsawon fiye da kilomita 130, ya mai da Yauri babbar matattarar bandar kifi. A duk tsawon wannan lokaci ɗan kasuwa yana da kunne a nesa. Dillali ne, ko mai masaukin baƙi, ko direban da ya kai kaya Anacha ya dawo. Shi zai ce, "Alhaji, kayan wancan makon an yaba," ko kuma, "Maigida, sun ce ƙasan kwalin duk gari ne." Labari yakan yi jinkiri, amma yana zuwa, kuma daga bakin wanda aka sani.

Yau matashi ko matar aure kan ɗauki bidiyon tarwaɗa tana kan banda, a ɗora a Facebook ko TikTok. Wata a Abuja ko Fatakwal ta gani, ta tura kuɗi ta asusu, a kai kwali tasha a ba direban da bai san mai saye ba, ita ma ba ta san shi ba. In kayan sun yi kyau, ko sun iso da ƙwari, ba lalle ta kira mai kaya ba. Tana iya rubutawa a ƙarƙashin hoton wani, ko ta faɗa wa ƙawayenta a zauren WhatsApp. Manyan kamfanoni kan biya maƙudan kuɗi ga manhajoji irin su Brandwatch da Meltwater don su tattaro musu duk inda aka ambace su. Mai kwali goma a mako ba shi da wannan hali. Abin da yake da shi kayan kyauta ne, kuma suna da amfani matuƙar ya san faɗin idon kowanne.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne Google Alerts, wanda ke aiki tun 2003. Mutum zai rubuta sunan sana'arsa, ya ba da adireshin imel, duk sa'ad da sunan ya fito a wani sabon shafin intanet ko jarida sai a aiko masa da saƙo. Talkwalker Alerts ma haka yake aiki. Amma idonsu mai faɗi ne ƙwarai. Jaridu da buɗaɗɗun shafuka suke kamawa, hirar da ake yi cikin Facebook da TikTok galibi wucewa take yi. Ga mai otal a Yelwa, ko makaranta mai zaman kanta, ko masu shirya bikin Rigata na tseren jiragen ruwa, wannan yana da rana, domin irinsu ne jarida kan ambata. Mai sayar da albasa a Shanga kuwa zai iya shekara bai sami saƙo ko ɗaya ba, alhali sunansa na bakin mutane kullum.

Wanda ya fi dacewa da ƙaramin ɗan kasuwa yana nan a gabansa, ana raina shi: gurbin bincike da ke saman Facebook da TikTok da Instagram da X. Rubuta sunanka, ka zaɓi sabbin rubuce-rubuce, ka karanta. Sai dai na'ura abin da aka rubuta mata kawai take nema, mu kuwa ba mu da rubutu ɗaya. Wani zai rubuta Yauri, wani Yawuri, wani Yelwa ko Yalwa. Wara a wurin wasu Warra ce, a wurin wasu Warrah. Mai waya marar ƙ da ɗ zai rubuta "kwari" yana nufin ƙwari. Mai saye daga kudu kuma da Turanci ko Burokin zai yi magana. Wanda ya nemi sunansa da rubutu ɗaya tak bai ga komai ba, ya koma ya kwanta da murna, ya shimfiɗa ne a inda kifi ba ya bi. Dabarar ita ce a jera duk yadda mutane ke iya rubuta sunan, har da kuskuren da aka saba yi, da lambar wayar da ake talla da ita, a riƙa bi ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma waɗanda ke nuna wa mutum abin da ke faruwa a cikin gidansa. Meta Business Suite, wanda aka fito da shi a 2020, yana haɗa saƙonni da tsokacin Facebook da Instagram a wuri guda, ya nuna mutum nawa rubutu ya kai gare su, da garuruwan da mabiya suka fi yawa, da lokacin da suka fi leƙowa. TikTok kan nuna tsawon lokacin da aka tsaya ana kallon bidiyo kafin a wuce. WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, yana ba da damar jera kaya da farashi, da liƙa wa kowane abokin ciniki alama: wannan sabo ne, wannan ya biya, wannan ya yi ƙorafi. Rajistar shago a taswirar Google ita ma kyauta ce, kuma tana nuna yawan waɗanda suka kira ko suka nemi hanya, da abin da suka rubuta na yabo ko suka. Amfanin irin wannan bayani a fili yake. Wadda ta gano cewa mabiyanta sun fi yawa a Kaduna da Abuja, ta san motar da ya kamata ta ƙulla hulɗa da direbanta, ta kuma san irin ɗaurin da zai jure wannan tafiya.

Biyu kuma suna da aiki na musamman. Google Trends, tun 2006, yana nuna hawa da saukar neman wata kalma a kan ma'aunin 0 zuwa 100, har jiha-jiha. Yana iya nuna watan da aka fi neman busasshen kifi a Najeriya, amma sunan ɗan ƙaramin shago ya yi masa ƙanƙanta, sai ya nuna sifili. Google Lens kuwa hoto ake ba shi ya nemo inda aka ɗora irinsa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, 'yan damfara sun ƙara samun ƙofa: a saci hoton kayan wani, a buɗe shafi da suna mai kama da nasa, a karɓi kuɗi a ɓace. Wanda aka cuta ba ɓarawon zai zaga ba, sunan da ya gani zai zaga. Duba hotunanka a Lens lokaci-lokaci yana iya tona irin wannan shafi, ko da yake ba ko yaushe ba.

To, duk waɗannan an haɗa su, kaso nawa ne na maganar da ake yi suke kamawa? A ƙasarmu, kaɗan ne. Mafi yawan cinikin waya a arewa ta WhatsApp ake yin sa, kuma tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Babu wata manhaja, ta kyauta ko ta kuɗi, da za ta shiga zauren matan wata unguwa a Kano ta jiyo abin da suka ce game da kifinka. Duk wanda ya ce zai sayar maka da irin wannan, ka riƙe aljihunka. Ƙari a kan haka, mutanenmu sun fi son saƙon murya da rubutu, kuma a gaɓar tafkin ba Hausa kaɗai ake yi ba. Akwai Gunganci da Kambarci da Shanganci, waɗanda waɗannan manhajoji ba su san da zamansu ba.

Ko Hausar da aka rubuta ma, tantance yabo daga zagi yana ba na'ura wuya. Mace ta rubuta, "Lallai kam, sannunku da ƙoƙari, an gode da garin kifi." Kowace kalma a nan mai daɗi ce, amma duk Bahaushe ya san an yi gatse. A 2022 wasu masu bincike, cikinsu har da na Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da wani aiki mai suna NaijaSenti, inda mutane suka zauna suka tantance saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Burokin, don koya wa kwamfuta bambanta yabo da suka. Aiki ne mai kyau, kuma girmansa ya nuna nisan tafiyar. Kafin a kai, ɗan kasuwa shi zai karanta da idonsa.

Saboda haka shirun waya ba shaidar lafiya ba ne. Abokin cinikin da ya ji haushi sau da yawa ba ya cewa uffan, daina saye kawai yake yi. Hanyar kama wannan ba ta cikin kowace manhaja, tana cikin tambaya. Kwana ɗaya bayan kaya sun isa, a aika: "Hajiya, barka da war haka. Kaya sun iso lafiya? Yaya kika ga bushewarsa? In akwai gyara don Allah a faɗa mini." Da sabon mai saye kuma: "Ranka ya daɗe, wa ya ba ka lambata?" Amsar wannan tambaya ta biyu, in ana rubuta ta a littafi, cikin 'yan watanni za ta nuna wa mutum ainihin hanyar da sunansa ke bi, da mutanen da ke yi masa talla bai sani ba. Irin waɗannan ya kamata a riƙa yi wa gyara da ihsani.

Littafin nan yana da wani amfani. Kayan kyauta na intanet kayan aro ne, mai shi yana karɓewa ranar da ya ga dama. Manhajar Hootsuite ta rufe tsarinta na kyauta a Maris 2023. TweetDeck, wanda 'yan jarida da 'yan kasuwa suka daɗe suna bibiyar Twitter da shi, ya koma na kuɗi a Agustan 2023. Kamfanin Meta ya kashe manhajarsa ta CrowdTangle ranar 14 ga Agusta 2024. Wani lokaci ma dandalin ne gaba ɗaya ke tafiya: gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, kuma ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. Ban da wannan, ga satar waya, ga masu ƙwace shafi, ga ƙauyukan bakin ruwa inda sai an hau tudu ake samun sabis. Wanda sunayen abokan cinikinsa da lambobinsu ke rubuce a takarda, ko me ya faru da shafi, kasuwarsa na hannunsa.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wato matse ido har a kwaso komai. Wasu da zarar sun gano waɗannan kayan aiki sai su koma ƙirga laik safe da yamma, ran mutum ya ɓaci don bidiyon jiya bai kai na shekaranjiya ba. Mutum dubu goma su kalli bidiyo babu wanda ya sayi kwali ɗaya, kuɗin data kawai aka ƙona. Lissafin da ke da ma'ana gajere ne: mutum nawa suka tambayi farashi, nawa suka saya, nawa suka dawo, kuma wane ƙorafi ne ya maimaitu. Ƙorafi ɗaya yana iya zama halin mai shi. In mutum uku da ba su san juna ba suka ce kifin ya yi laushi, to ruwa ba ya tsami banza, a koma a duba wuta da kwanakin da yake yi a kan banda.

Mai matsattsen ido kuma shi ne ke tanka wa kowa. Duk wanda ya yi masa gatse sai ya rama, duk wanda ya kushe sai ya yi barazana. A Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco Foods ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta, magana ta kai kotu. Ko wane ne mai gaskiya, wannan na alƙali ne. Abin da kowa ya gani shi ne, tsokacin da wataƙila da ya nutse cikin mako guda ya zama labarin ƙasa har da ƙetare, mutane suna kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Jin abin da ake faɗa a kanka ba shi da wuya kamar sanin wanda za ka amsa da wanda za ka bari ya wuce.

Wanda ya cancanci amsa kuwa, kada a bar shi ya kwana. Ƙorafin da aka amsa da safe, kafin azahar ya mutu. Wanda aka bari kwana uku, kafin mai kaya ya farga mutum ashirin sun zuba nasu a ƙarƙashinsa, har da waɗanda ba su taɓa sayen komai ba. Amsar ma ba ta son tsawo. A fili a ce, "Yi haƙuri Hajiya, mun gani, yanzu za mu kira ki." Sauran magana a ƙarasa ta a waya, in akwai canji a yi, in mayar da kuɗi ne a mayar. Masu karatu ba su san ko kifin ya lalace ko bai lalace ba. Yadda aka karɓi maganar suke kallo. Minti goma sha biyar bayan sallar asuba, da wasu bayan isha'i, sun ishi mai ƙaramar sana'a wannan dubawa.

Abu na ƙarshe ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mai saye a Ibadan bai san sunan shagon kowa ba. "Kifin Yauri" ya sani, kamar yadda ya san albasar Aliero da kilishin arewa. Wannan suna na kowa ne, kuma mutum ɗaya na iya zubar da shi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a ciki, wato irin wanda ke cikin maganin ƙwarin da muke kira fiya-fiya. Ba kowane manomi ne ya zuba ba, amma haramcin kowa ya shafa, aka kuma yi ta tsawaita shi shekara da shekaru. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Busasshen kifi ma ƙwari na damunsa, kuma jarabar fesa masa magani tana nan. Bidiyo ɗaya da zai nuna wani yana yin haka, a rubuta Yauri a ƙasansa, ya isa ya karya farashi daga Yelwa har Wara.

Don haka bibiyar wannan suna aikin ƙungiya ne. Ƙungiyar 'yan kifi, da ta masu albasa, da ta masu shinkafa, kowace tana da matasan da waya ba ta barin hannunsu. A ɗora wa ɗaya ko biyu nauyin neman sunan gari da na kaya a duk dandalin nan sau ɗaya a mako, da duk rubutun da ake yi masa, su kawo wa shugabannin kasuwa abin da suka gani. In ƙarya ce aka yaɗa, a fito da bidiyon yadda ake banda tun daga wanki har ɗauri, da fuskokin dattawan da aka sani. In shafin bogi ne, mutum talatin su kai ƙararsa lokaci guda. In kuwa gaskiya aka faɗa, to babu rubutun da zai wanke ta. Sai shugaban kasuwa ya kira mai laifi ya ja masa kunne, a hana fesa magani, a daina cusa gari a ƙasan kwali, a cika mudu. Waya ta gama nata aikin da ta jiyo maganar. Gyaran kuwa a wurin banda da bakin sikeli ake yin sa.